Ruwan Labbo

Makarantar Sakandare, Anka.
12 ga Oktoba, 1980.

Zuwa ga Kawu Sa'idu Maiturare, Gummi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Goggo Ladi da yara. Yaya kasuwa, yaya kuma gwiwar nan taka? Ni lafiyata ƙalau, in ban da wake da ya sa mu gaba a makarantar nan safe da yamma. Shitu direba ya ga Baba a kasuwar Bukkuyum, ya ce su Inna lafiya, shanu ma sun yi kyau a Gwashi bana.

Kawu, na samu abin da nake so a duniya. Da muka shiga aji uku aka fara yi mana kemistiri, wato sanin abin da aka yi kowane abu da shi, da yadda yake sake hali in ya gamu da wani. Ranar farko Malam Bature bai rubuta komai a allo ba. Ya shigo ɗakin gwaji da kwalbar zoɓo, muka ɗauka abin karyawarsa ne. Ya raba shi a kofi biyu na gilashi. Ya matsa lemun tsami a ɗaya, ya ƙara yin ja. Ya ɗiga ruwan toka a ɗayan, a gaban idonmu ya koma kore. Wani ɗan ajinmu ya yi a'uziyya ya matsa bakin ƙofa. Ni kuwa ban san na miƙe tsaye ba sai da malam ya ce in zauna in bar na baya su gani.

Tun ranar kaina bai huta ba. Ashe kanwar da Inna ke jefawa a miya da dalilinta, tsamin nono ma da dalilinsa. Alimun ɗin da kake sayarwa, wanda ke kwantar da laka a ruwan gulbi, yana cikin littafinmu, haka farar wuta. Rumfarka ɗakin gwaji ce, kai ne dai ba ka sani ba.

Kai na fara rubuta wa don kai ne silar komai. Kai ka yi ta sintiri zuwa Gwashi har Baba ya yarda a sa ni boko, ka riƙe ni a gidanka na gama firamare, alhali kakanni kawai kuka haɗa da Inna. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba.

Ɗanka,
Labbo Yusufu.

Gummi.
3 ga Disamba, 1980.

Takarda ta fito daga hannun Sa'idu Maiturare zuwa ga ɗana Labbo. Gaisuwa da so da yarda. Muna lafiya, gwiwa tana nan tana mulkinta. Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, kaza ma ta fi ni iya jan layi.

Ashe ni malamin kimiyya ne shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa biyana albashi. Na karanta takardarka a rumfa, kowa ya ji. Ranar kasuwa na sa aka kawo mini zoɓo da ruwan toka na gwada abin nan naka. Labbo, ka ga mutane. Har mai tsire ya baro wutarsa ya zo kallo. Na ce musu ɗana ne da ke karatu a Anka ya aiko da shi. Wanda ya tsaya kallo kuwa ba ya tafiya hannu wofi, ranar turare da kwalli sun tashi.

Ka riƙe karatu da kyau, ka riƙa rubuto mini irin waɗannan. Goggonka ta aiko maka da ƙuli-ƙuli ta hannun Shitu, ka ƙirga ko ya taɓa. Haza wasalam.

Makarantar Sakandare, Anka.
20 ga Fabrairu, 1982.

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Na ji an yi wa Goggo Ladi rasuwar ƙanwa, Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri. Ni na yi ɗan zazzaɓi, ya wuce.

Ka yafe mini daɗewa ban rubuto ba. Aji huɗu ba wasa. Na zo na ɗaya a kemistiri, har Malam Bature ya ce in na ci gaba a haka ba abin da zai hana ni jami'a. Ina so in karanta haɗa magunguna, musamman na dabbobi. Yanzu in an tashi makaranta ni nake zama in wanke kwalabe in jera su, don kawai in daɗe a ɗakin. 'Yan ajinmu sun sa mini suna Angon Kwalba, ban damu ba.

Bari in ba ka labarin da ya fi faranta mini rai. Akwai wani gishiri baƙi-baƙi da ake kira famanganet. Ƙwaya ɗaya kamar ta gero in ka jefa a ruwa, sai ka ga zare mai launin shunayya yana tashi yana bazuwa har ruwan ya rine duka. Ban taɓa ganin abu mai kyansa ba. Ana wanke gyambo da shi don yana kashe ƙwayoyin cuta da ke kan fata. Da za mu tafi hutu malam ya ƙulla mini kaɗan a takarda.

Ka san Wule, saniyar da aka ba ni ranar sunana, wadda 'ya'yanta Baba ke sayarwa yana yi mini hidimar makaranta. Na tarar ta yi miki a ƙafa, ƙuda ya dame ta. Na jiƙa abin a ƙwarya na riƙa wanke mata safe da yamma. Baba yana tsaye yana kallo. Kafin hutu ya ƙare miki ya bushe. Ranar da zan dawo na ji yana ce wa Inna, ba tare da ya dube ni ba, "Ashe karatun yaron ga naki na da amfani ga bisashe." Kawu, ka san Baba. Tun da nake ban taɓa jin ya yabe ni ba. Har na iso Anka ina jin maganar a kunnena.

Ɗanka,
Labbo.

Gummi.
9 ga Janairu, 1983.

Daga Sa'idu Maiturare zuwa ga ɗana Labbo, gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai kasuwa ta yi sanyi. Ba a maganar komai sai ciwon bushiya da ya shigo wa shanu, an ce ta gabas garke-garke yake kwashewa. Fulani sun ɗaure bakin aljihu, ba mai tunanin turare.

Ina da 'yar buƙata. Jakina ya yi gyambo a baya. Abin nan da ka wanke wa saniyarka ƙafa da shi bara, rubuto mini sunansa da manyan baƙaƙe yadda zan nuna a kantin magani a Gusau, da yadda ake jiƙa shi. Ka ba Shitu amsa, kada ka bi ta gidan waya. Haza wasalam.

Makarantar Sakandare, Anka.
14 ga Janairu, 1983.

Kawu,

Na gaishe ku duka. Ina cikin shirin babbar jarrabawa, shi ya sa takardar gajeruwa ce. Na rubuta sunan a bayanta. Ɗan kaɗan za ka jefa a kwano, ruwan ya yi launi fes ba duhu ba, ka wanke gyambon. Na wanke fata ne kurum, ba a sha.

Maganar bushiya ta hana ni sukuni. Na tambayi malam, ya ce in ta kama saniya ba ta da magani, ko wannan ko waninsa. Rigakafi ne kawai, allurar da malaman dabbobi ke yi su yanki kunne don shaida. An ce za su sauka a Bukkuyum. Ba mai karatu a rugarmu, ba ni da wanda zan aika. Don Allah, Kawu, in Baba ya zo kasuwarku ka gaya masa ni na ce ya kai shanu allura, kada ya jira. Ya gaya wa Arɗo da sauran mutane. Na bar maka wannan amana.

Ɗanka,
Labbo.

Gwashi.
18 ga Maris, 1983.

Kawu Sa'idu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu nan mutane lafiya, ban da shanu.

Sau biyu na rubuto maka daga Anka ina tambaya ko ka isar da saƙona, ba amsa. Na yi ta ba ka uzuri, na ce ko gwiwa ce ta tashi. Sai ran nan Shitu ya gan ni a tasha yana dariya, ya ce, "Likita, ruwanka na ciniki Gummi, ba ka ba mu namu rabo?" Ban gane ba. Ya ce kwalba-kwalba ake sayarwa a rumfarka, Ruwan Labbo, maganin bushiya, haɗin ɗalibin kimiyya na Anka. Na nemi izini a makaranta na taho gida.

Tun kafin in ga ruga na ji wari. Ungulu sun cika itatuwa, sun ƙoshi har ba sa tashi in mutum ya wuce. Garken da na bari ba ya shiga ido ɗaya, yanzu abin da ya rage turke kaɗan ya ishe su. Na tarar da Wule a kwance, ido na zubar ruwa, baki duk miki, zawo ya zuge ta. Dija ƙanwata ta durƙusa tana ɗura mata wani abu da kwalba. Na karɓa na duba. Launin nan ne da na ce maka ban taɓa ganin mai kyansa ba. Wule ta mutu washegari da hantsi.

Baba yana zaune a gindin ƙirya. Na gaishe shi, ya amsa kamar baƙo. Na ce, Baba, ba a kai su allura ba? Ya ce, "Sa'idu yaz zo da kainai. Yac ce kai kah haɗa shi makaranta, ka aiko a ba mu. Shi na wanda kaw wanke ma Wule ƙahwa da shi, na gane shi. Munka ce tunda namu na, mi za mu nema wurin masu allura, mu cuɗa shanunmu da na baƙi?"

Ka ji yadda aka yi. Ba su ƙi allura don taurin kai ba. Sun ji tsoron tara lafiyayyu da marasa lafiya a layi ɗaya, ga kuma magani daga hannun ɗansu, wanda suka ga aikinsa da idonsu. Arɗo ya tambayi Baba, Baba ya ce ya shaida. Kowa a rugar nan ya saya a kan shaidar Baba. Masu allura suka zo Bukkuyum suka gama suka tafi, ba saniya ɗaya daga nan da aka yanka wa kunne.

Na ce wa Baba ban haɗa komai ba, ban aiko da komai ba, saƙon da na ba ka na allura ne. Ya dube ni ya ce, "Wa yab ba shi sunan abin?" Na ce ni ne, don jaki. Ya ce, "To."

Na bi ruga-ruga ina roƙon mutane su zubar da abin. Wata tsohuwa da ta rasa shanunta kaf ta riƙe mini riga, ba ta zage ni ba, ta dai ce in dube ta da kyau. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kawu, ban san me ya kai ka ba, kuma har yanzu ina so in ji akwai abin da ban sani ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka zo Gwashi ka faɗa da bakinka a gaban Baba da Arɗo cewa ba hannuna. Baba ya ce ba zan koma Anka ba, don ba zai iya mutane su ga yana tura yaron da ruwansa ya kashe musu dukiya ya ƙaro ilimi ba. Jarrabawa ta kusa. Maganarka kaɗai za ta mayar da ni.

Labbo.

Gummi.
29 ga Maris, 1983.

Daga Sa'idu Maiturare zuwa ga ɗana Labbo. Gaisuwa da jaje. Na ga takardarka, raina ya ɓaci ƙwarai da abin da ya samu shanu. Allah ya mayar da alheri. Ni ma kwanan nan ba na jin daɗin jikina.

Ka yi mini zafi, amma yaro ne kai. Ba ka ga yadda mutane ke zuwa rumfa suna kuka ba, suna cewa a ba su ko mene ne. Kai da kanka ka ce abin yana kashe ƙwayoyin cuta. Na ce wanda ya kashe na waje ƙila ya taɓa na ciki, malaminku ai bai gwada ba. Sunanka kuwa da na sa, ni ina ganin ɗaukaka ka na yi. Batun allura, na yi niyyar faɗa wa mahaifinka, hayaniyar kasuwa ta ɗauke mini hankali. Wasu ma da aka yi wa allurar an ce sun mutu. Na daina sayarwa, sauran na zubar.

Yanzu ka saurare ni da kunnen hankali. In na zo na faɗi abin da kake so, na gama kasuwa a Gummi, ba Bafillacen da zai ƙara tsayawa rumfata, ga iyali. Uwarka Hawwa'u kuma da wane ido za ta zauna cikin dangin mijinta in aka ce ɗan'uwanta ne ya yi? Amma kuskuren yaro ana yafe shi, shekara biyu an manta. Kai dai ka ce ka yi kuskuren awo, ka aiko da shi da kyakkyawar niyya. In ka yarda, zan zo da kaina da goro in roƙi Malam Yusufu ya bar ka ka yi jarrabawa. Ka san ba zai iya ce mini a'a ba, ni na ba shi aure. Hidimarka daga nan har jami'a ta dawo wuyana. Ni na sa ka a hanyar nan, ba zan so ka faɗi a bakin ƙarshenta ba.

Ka yi tunani, ka ba Shitu amsa. Haza wasalam.

Gwashi.
10 ga Afrilu, 1983.

Malam Sa'idu,

Takardarka ta iso. Muna nan yadda ka bar mu. Ciwon ya lafa, don ba sauran abin da zai ci.

Na karanta wa Baba da Inna ita, tun daga gaisuwa har wasalam, ban tsallake komai ba. Na ɗauka da sun ji shi ke nan, na fita daga zargi. Inna ta rufe fuska da zane. Da muka keɓe ta ce mini, "Ɗan'uwana na, Labbo. In ka tona shi, ni kat tona." Baba kuwa ya tashi ya nufi wurin shanu. Daga baya ya kira ni bayan garke ya ce, "Na ji, na kuma gane. Amma ba ni iya aza idona ga wanda yab ba ni aure in ce mai maƙaryaci, ba ni kuma kai sunanai gaban Arɗo. Kai ɗana na, kai nika iya aza ma kaya."

Ashe ka riga ni sanin wannan. Ka san kunyar da ke tsakaninku ba za ta bar shi ya tambaye ka ba, ka san Inna ba za ta buɗe baki ba. Tun ranar da ka cika kwalbar farko ka san a kan wa abin zai faɗa. Ban yarda hayaniyar kasuwa ta mantar da kai ba. Ka tako har Gwashi, ka zauna a tabarmar Baba, ka sha nononsa, saƙona yana aljihunka, ka miƙa masa kwalba. Ka ci amanata, ka ci ta Baba, kuma da abin da na fi so a duniya ka ci ta.

Na yi tunanin da ka ce in yi. Ba zan ɓoye maka ba, na kusa yarda. Malam Bature ya aiko Shitu har nan, ya ce sunana yana cikin masu jarrabawa, in zo ko ba littafi, ya san zan ci. Na kwana biyu ina gaya wa kaina kalma ɗaya ce, kuskure, in faɗe ta in wuce. Amma in na faɗa, mutanen nan za su zauna a kan cewa maganin gaskiya ne, awo ne ya kuskure. Ranar da ciwon ya dawo za su sake neman kwalba su bar allura. Kuma in na je na karanto haɗa magunguna na dawo, wa zai karɓi ko gishiri daga hannuna? Ba zan faɗa ba. Duk wanda ya tambaye ni zan gaya masa ruwan nan ba ya maganin bushiya, ba ni na haɗa ba, ba ni na aiko ba. Sunanka ba zai fito daga bakina ba saboda Inna, ba saboda kai ba. Kada ka zo da goronka.

Baba ya raba 'yan shanun da suka rage ga waɗanda suka rasa komai, su riƙe su sha nono har su haihu, don a kan shaidarsa suka saya. Ba abin da zan kiwata a gida, saboda haka na kama kiwon shanun wani manomi a Tungar Guru, jibi zan tafi.

Abin da ya fi ci mini rai, har yanzu ina son abin. Jiya na ga Dija tana tace toka, sai na ji kaina yana lissafin abin da ke faruwa a cikin tukunyar, na tashi na bar wurin. Na san ranar da za a yi takardar kemistiri, na san tagar da kujerata take kusa da ita. Ranar ina daji bayan shanun wani.

Kada ka sake rubuto mini, na gaya wa Shitu kada ya karɓa. Inna ta ce in gaishe ka, kai da Goggo Ladi da yara, na kuwa isar. Gaisuwar tata ce ita kaɗai.

Labbo Yusufu.